Giyar Da Iska Ke Haɗawa A Beljiyam Ta Shiga Wani Hali

A kwarin kogin Senne, kusa da Brussels babban birnin Beljiyam, akwai wata tsohuwar sana'a wadda jarinta sanyin dare ne. Watau dafa giyar nan da suke kira lambik, wadda idan aka jiƙa 'ya'yan ceri a cikinta sai ta koma kirik.

Ga yadda ake yi. Akan dafa sha'ir da ɗanyar alkama, wadda ba ta gaza kashi 30 cikin 100 ba, tare da busasshen furen hops wanda ya shekara a ajiye. Sa'an nan a juye ruwan cikin wani faffaɗan kasko a saman bene, a buɗe tagogi, ya kwana yana hucewa. Ba a zuba yis. Ƙwayoyin da ke cikin iska da jikin katakon ginin su ke faɗawa ciki su tsimar da shi, kusan yadda burukutu kan yi tsami a tukunya. Daga nan sai gangunan katako, shekara 1 zuwa 3.

Ceri kuwa ɗan itace ne ja, bai kai goruba ba. Akan zuba kimanin kilo guda ga lita 5, har da ƙwallonsa, a bar shi watanni. Masu ɗanɗanawa sukan kwatanta kirik da abu mai ja da tsami, kamar zoɓon da ba a sa wa sukari ba.

Tun da Ingila ta halatta dafa giya a gida ba da lasisi ba a 1963, Amurka kuma a 1978, masu sha'awa suke ta kwaikwayo, wasu da yis na saye, wasu da guggubin kwalba. Amma iskar Senne ba ta sayuwa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Aikin ba ya yiwuwa sai daga Oktoba zuwa Afrilu, domin in dare ya yi ɗumi ruwan lalacewa yake yi. A 2015 gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, ya dakatar da dahuwa saboda ɗumi, har ya zubar da wadda ta ɓaci. UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya a 2016, amma takarda ba ta kawo sanyi. Muddin ɗumamar yanayi ta ci gaba, lalle kwanakin dahuwa raguwa za su yi ta yi.