Gidajen Haɗaka a Amurka: Ina Iyakar Ikon Mai Gida?

Gabatarwa

Kalmar kwandominiyam ta samo asali ne daga harshen Latin, ma'anarta kuwa ita ce mallakar tarayya. A wannan maƙala za mu kira irin wannan gida da sunan gidan haɗaka, wato bene ko rukunin gidaje da aka kasa sashe-sashe aka sayar wa mutane daban-daban. Za mu duba dalilin da ya sa rikici ba ya ƙarewa tsakanin masu irin waɗannan gidaje da ƙungiyoyinsu a Amurka.

Yadda Mallakar Take

Wanda ya sayi sashe, cikin ɗakunansa nasa ne shi kaɗai. Amma fili da rufi da matakala da harabar gida na kowa da kowa ne, kowane mutum yana da kaso a ciki, ba tare da an shata masa nasa ba. Saboda haka masu gidajen kan kafa ƙungiya, su zaɓi shugabanni, su riƙa biyan kuɗin gyara duk wata. Daga nan ne ake samun saɓani, domin mutum ya biya kuɗinsa, amma ba shi kaɗai ke da ta cewa ba.

Dokokin Zama

A shekarar 1994, Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke hukunci a kan ƙarar wata mata da ke rukunin gidajen Lakeside Village. Dokar wurin ta hana ajiye kyanwa ko kare, ita kuwa tana da kyanwowi uku. Hujjarta ita ce ba sa fita waje, ba sa damun kowa. Kotu ba ta karɓi wannan hujja ba, ta ce dokar da aka rubuta a takardar kafa rukunin tana hawa kan kowa, sai fa idan ta saɓa wa hankali ko manufar dokar ƙasa. Daga baya majalisar jihar ta yi dokar da ta fara aiki a 2001, wadda ta hana sababbin dokokin ƙungiyoyi haramta wa mai gida ajiye dabba ɗaya.

Ikon ƙungiya ma yana da iyaka. Tun 1988 dokar tarayya ta hana a ƙi iyali saboda suna da yara, ban da rukunan da aka keɓe wa tsofaffi. Haka kuma daga 2021, ƙungiya a Kalifoniya ba za ta taƙaita gidajen da ake bayarwa haya zuwa ƙasa da kashi 25 cikin ɗari ba.

Kuɗin Gyara

Wannan shi ne mafi haɗari. A garin Surfside na jihar Fulorida, wani injiniya ya gano mummunar lalacewa a benen Champlain Towers South a 2018. Aka ɗauki lokaci ana ja-in-ja a kan gyaran, wanda kuɗinsa ya kai wajen dala miliyan 15. Ranar 24 ga Yuni, 2021, wani ɓangare na benen ya rufta, mutum 98 suka rasu.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, mai sayen gidan haɗaka ba ɗakuna kawai ya saya ba, ya sayi maƙwabta da dokokinsu da kuma nauyin ginin baki ɗaya. Ga mu ɗaliban harshe kuwa, akwai aiki a gabanmu na samar wa irin wannan mallaka sunan da zai zauna daram a bakin Bahaushe.