Wa Ke Kaɗa Jitar Mdou Moctar, Shi Ko Na'ura?

Tun da bidiyon makaɗan jita na Nijar suka fara yawo a wayoyin samari, wata magana ta zama ruwan dare a shagunan caji da teburan masu shayi, daga Kankiya zuwa Kusada har ƙauyuka irin Fakuwa. Da an kunna Mdou Moctar, bahagon Buzun nan mai rawani, yatsunsa na tsere a kan tsirkiya, sai wani ya taɓe baki ya ce ai duk aikin kwamfuta ne, shi dai rungume itacen kawai ya yi. Wani ma ya ƙara gishiri ya ce da aljanu yake aiki. Zancen aljanu ƙazafi ne, mai yin sa ya ji tsoron Allah. Zancen kwamfutar ne ya kamata a zauna a warware, don shi ne waɗanda ke ganin kansu wayayyu suka riƙe.

Ba a rasa inda zargin ya samo tushe ba. Yaron da ya tashi da waƙoƙin finafinan Kano ya saba da fiyano guda ɗaya da ke fitar da kalangu da sarewa da algaita, ya kuma saba da muryar da na'ura ta goge. Shi kansa Mdou, ɗan yankin Tawa wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma da irin wannan gyaran murya na situdiyon Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya fitar da ita a kamfaninsa na Sahel Sounds. To amma gyaran da aka yi wa murya a 2008 ba hujja ba ce a kan abin da yatsu ke yi a gaban dubban mutane yau.

Aikin na'ura a jitar lantarki ɗan kaɗan ne. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Idan tsirkiya ta girgiza, girgizar ta koma siginar lantarki, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Idan aka tura siginar fiye da ƙima, sautin ya yi kaushi ya riƙa gurnani, wanda shi ne amon da masu kiɗan rok da metal ke nema. Iyakarta ke nan. Ba ta zaɓar tsirkiyar da za a taɓa, ba ta san lokacin da za a danne ko a saki ba. Hasali ma tona asiri take yi, domin duk yatsan da ya zame, sai ta ƙara wa kuskuren ƙarfi kowa ya ji.

Mai cewa sirrin yana cikin kayan aiki, sai ya faɗi abin da ke cikin jitar Mdou ta farko. Iyayensa ba sa son ya yi kiɗa, kuɗin saye kuma babu, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, yana kwaikwayon makaɗin jita Abdallah Oumbadougou. Da wannan ya koya. Yau farar Fender yake riƙewa, amma har yanzu da yatsa yake bugun tsirkiya, ba da ɗan robar da mafi yawan makaɗan Turai ke amfani da shi ba, kuma gudun kiɗansa daga takamba da kiɗan bukukuwan Agadas ya fito. Dubban mutane na da irin wannan Fender ɗin a duniya, ba a ji irin kundin Mdou na 2021, Afrique Victime, ya fito daga hannun ɗayansu ba.

A sauran ƙasashe ma haka labarin yake. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'anta a Birmingham ta Ingila yana ɗan shekara 17. Ya ƙera wa yatsun murfin roba, ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sai amon ya yi nauyi, kuma wannan nauyin na cikin abin da ya haifi kiɗan metal. Eddie Van Halen da kansa ya harhaɗa jitarsa daga sassa masu araha, da ita ya girgiza duniya a 1978 da salon dannan wuyan jita da hannu biyu. A Japan, Akira Takasaki ɗan Osaka, wanda ya kafa ƙungiyar Loudness a 1981, ya ƙware a wannan salon har kundinsu Thunder in the East na 1985 ya shiga jerin 100 na farko a kasuwar Amurka. Masoyansa kan gane shi tun daga bugun farko, alhali amfilifayar da yake amfani da ita ana sayar wa kowa.

Abin haushin shi ne Bahaushe bai kamata a yi masa wannan bayani ba. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi da ɗan gwangwani da aka rufe da fata. Wa ya taɓa cewa gwangwanin ne gwani? Tsofaffin da ke sauraron rediyo sukan gane gurmin Haruna Uji kafin a buɗe baki, haka sukan bambance kukumar Hassan Wayam da ta Ibrahim Na Habu da ta Ahmadu Doka. Ƙasar Kankiya da ke maƙwabtaka da Musawa, mahaifar Mamman Shata, ta san cewa kalangu fata ce da igiya, hammata da hannu ne ke sa shi magana. Jikokin waɗannan masu kunne su ne yau ke jingina gwanintar mutum ga kwamfuta, kuma wannan raina gumin wani ne.

Akwai masu ƙin kiɗan don ƙararsa ko don ba sa jin yaren Buzaye, wannan ra'ayinsu ne.

Wanda ke son ya tabbatar da kansa, hanyar a buɗe take. Ya daina yanke hukunci da lasifikar waya, wadda ke cinye ƙasan sauti ta bar ƙara zalla. Ya sa abin kunne, ya nemi bidiyon wasan da aka yi kai tsaye a gaban jama'a, ya zuba wa hannuwa ido. Zai ga lokacin da aka ja tsirkiya sama sautin ya yi kuka, da lokacin da aka karkaɗa yatsa ya yi rawa, da lokacin da aka kwantar da tafin hannu amon ya dusashe. Sannan ya saurari Tears of Injustice na 2025, inda Mdou ya sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice na 2024 da jitar da ba ta lantarki ba. Gurnanin ya tafi, hannun yana nan. Ya gwada shi da Bombino na Agadas, wanda aka sa kundinsa Deran cikin masu neman kyautar Grammy. Ƙasa ɗaya, kayan kiɗa iri ɗaya, amma ba mai rikita su.

A kuma tausaya wa kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙara, ta ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. Kunnen da ya fara shuu bayan an cire abin sauraro gargaɗi yake yi, a ba shi hutu.

Saurayin da ke son koyo kuma, kada ya sayar da akuyar gida don amfilifaya, kada ya kai wa boka kuɗinsa neman laƙanin hannu. Jitar katako ta hannu ta ishe shi. Ya fara koyon daidaita tsirkiya, ya kaɗa a hankali har kowane sauti ya fita tas kafin ya nemi gudu, ya jure zafin kan yatsu na makonnin farko har su yi kanta. Ya naɗi kansa a waya ya saurara, zai ji kurakuran da bai ji ba yana kaɗawa. Idan akwai mai garaya ko gurmi a kusa, ya je ya gaishe shi ya ce: Baba, a nuna mini yadda ake danna tsirkiya.