Fankar Akwatin Inbata: Yaushe Za Ta Tashi, Yaushe Za Ta Huta?

A Tsamaye da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, yawancin masu shagon cajin waya da sola suka dogara. Mai shago kan kulle inbata da na'urar daidaita caji cikin akwatin ƙarfe saboda ƙura da ɓarayi. To amma a watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Sakkwato kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin rufaffen akwati a ƙarƙashin rufin kwano. Kafasitocin da ke cikin inbata ba sa jure wannan: a lissafin masu ƙera su, duk ƙarin digiri 10 na cinye rabin ransu. Idan kuwa inbata ta ƙone, galibi sai an je Sakkwato neman wata, kuma kowa ya san halin da hanyar ke ciki.

Dabarar da aka saba ita ce a cire fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12 a jona ta kai tsaye da batir. Tana aiki, sai dai ba ta hutawa. Dare da rana tana shan caji, lokacin hunturu kuma ta yi ta zuƙo ƙura tana jibgewa a kan kayan da ake son karewa.

Maganin shi ne ɗan allon nan mai araha da ake kira W1209. Yana da waya mai jin zafi da makunni da ke tayar da fanka da kansa. A saitin P0 a zaɓi harafin C, wato sanyayawa. P1 kuma shi ne tazarar da ke tsakanin kunnawa da kashewa.

Wajen zaɓen lamba ne ake yawan yin kuskure. Wanda ya kwafo digiri 30 daga bidiyon YouTube na wani Bature ya yi aikin banza, domin fanka ba firiji ba ce, ba ta iya sanyaya akwati fiye da iskar waje. A bazarar Gobir, fankar da aka saita haka za ta wuni ta kwana tana juyi. Gara a saita 45, P1 kuma 5: ta tashi a 50, ta tsaya idan zafi ya sauko 45. Tazarar ce ke hana makunnin yawan ƙas-ƙas har ya lalace.

Wayar jin zafin a manna ta a jikin alminiyam mai haƙora da ke zuƙe zafin inbata, kada a bar ta tana lilo. Ƙofar shigar iska ta kasance a ƙasa da ɗan soso mai tace ƙura, fanka kuma a sama tana fitarwa. Mai batir biyu da aka jera suka ba da bolt 24 ya kula: allon na bolt 12 ne, sai an sa masa abin rage wuta.