Kalmar Ruwa a Italiyanci da 'Yan'uwansa

Gabatarwa

Wanda ya ji Ba'italiye ya ce "acqua", Bafaranshe ya ce "eau", mutumin Romaniya kuma ya ce "apă", da wuya ya yarda cewa kalma ɗaya suke faɗa. Amma dukkansu ruwa suke nufi, kuma duk sun gaji kalmar ne daga Latin, harshen daular Rumawa, inda ake cewa "aqua". Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan kalma don a ga yadda masana ke tabbatar da dangantakar harsuna.

Hanyoyin da Kalmar Ta Bi

A tsakiyar "aqua" akwai leɓantaccen bahanɗe, watau irin sautin da ke farkon kalmar "kwana" ta Hausa. Makomar wannan sauti ita ce ta raba 'ya'yan Latin.

Italiyanci ya riƙe shi, har ma ya ƙarfafa shi, don ana furta "acqua" kamar a ce "akkwa". Wannan lafazi tsoho ne ƙwarai. Wani jerin gyare-gyaren kalmomi na ƙarshen zamanin Latin, mai suna Appendix Probi, ya lissafa shi cikin kurakuran da ya kamata a guje wa. Abin da malamin jiya ya kira kuskure shi ne daidaitaccen Italiyancin yau.

A yamma kuwa sautin laushi ya yi, ya zama mai ziza: "agua" a Sifaniyanci, "água" a harshen Fotugal, "aigua" a na Kataloniya. Ba wannan kalma kaɗai abin ya shafa ba. Aboki "amico" ne a Italiyanci, amma "amigo" a Sifaniyanci. Rayuwa "vita" ce a can, "vida" a nan. Masani Walther von Wartburg ya nuna cewa iyakar wannan laushi ta ratsa arewacin Italiya, daga La Spezia zuwa Rimini.

Faransanci shi ya fi kowa nisa. A tsohon Faransanci ana rubuta "ewe", daga baya "eaue", har aka tsaya kan "eau", wanda a baki wasali ɗaya ne tak, watau "o". Duk da haka tsohuwar siffar ba ta ɓace sarai ba. Tana nan a sunan garin Aigues-Mortes na kudancin Faransa, ma'ana matattun ruwaye, da kuma Aix-en-Provence, wanda Rumawa suka kafa da sunan Aquae Sextiae saboda maɓuɓɓugansa masu zafi.

Hujjar Romaniya da Sardiniya

A nan ne al'amarin ya fi ɗaukar hankali. A harshen Romaniya da wasu kare-karen harshen tsibirin Sardiniya, ɓangaren hanɗa ya faɗi, leɓe ya ci gado: "apă" da "abba". Mai shakka zai iya cewa dace ne kurum, ko kuwa wata kalma ce dabam. Amsar tana cikin sauran kalmomi masu irin wannan sauti. Goɗiya a Latin "equa" ce. Ta zama "iapă" a Romaniya, "ebba" a Sardiniya, "yegua" a Sifaniya. Huɗu, watau "quattuor", ya zama "patru" da "battoro", alhali Italiyanci na cewa "quattro". Harshe kuma, "lingua", ya koma "limbă" da "limba". Sauyin da ya maimaita kansa haka a kalma bayan kalma ya wuce dace, ya zama ƙa'ida. A kan irin wannan kwatance ne Friedrich Diez ya gina nahawunsa na harsunan da suka fito daga Latin, wanda ya fara fitowa a 1836.

Kammalawa

Abin lura shi ne, "eau" da "apă" ba su da sauti ko ɗaya da suka yi tarayya a kai, amma uwarsu ɗaya. Ke nan kama da wane ba ta wane, rashin kama kuma ba ya yanke zumunci. Ɗalibin da ke neman asalin wata kalmar Hausa a wani harshe, don kawai sun yi kama a kunne, sai ya tambayi kansa: a waɗanne kalmomi kuma wannan sauyi ya sake bayyana? In babu, to, hujja ba ta tsaya ba tukuna.