Bishiyar Li'irabi a Harshen Kwamfuta

Ɗalibin da ya iya zana bishiyar li'irabi ta "Audu ya sayi doki" ba zai sha wuya a nan ba. Umurnin da ake rubuta wa kwamfuta, a harshen Java misali, shi ma yana da nahawunsa, ana kuma yi masa bishiya. Tsarin code2vec na 2019 yana bin rassan bishiyar, ya mayar da su lambobi, sannan ya kintaci sunan da ya dace da aikin umurnin.

Sai dai ya dogara ƙwarai da sunayen da marubuci ya raɗa wa abubuwa, kuma galibin waɗanda ya koya na Ingilishi ne. An nuna a 2020 cewa sauya suna guda, ma'ana tana nan yadda take, kan ɓatar da shi. Wanda ya rubuta "jimilla" ko "kuɗi" a umurninsa, baƙin kalmomi ya ba shi.