Rijiyar Da Ba A Yasarta: Marubutanmu Da Ƙarancin Karatu

Kwanakin baya wani matashi ya kawo mini rubutunsa na ƙagaggen labari don in duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Shafi ɗari biyu da wani abu ne, kuma a gaskiya yaron yana da baiwa, domin ya iya hira a bakin taurarinsa. Sai dai tun ban kai shafi na talatin ba na san inda labarin zai ƙare: attajiri, talakar yarinya, uwar miji mai makirci, sai kuma boka a tsakiya. Da ya dawo na tambaye shi littattafai nawa ya karanta a bara. Ya yi murmushi ya ce shi rubutu yake yi, ba ya son karanta na wasu don kada salonsu ya gurɓata nasa. Wannan amsa ta daɗe tana damuna, domin ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi amfani da wannan fili in ambaci littattafan da na fi so, in kuma nuna abin da masu su suka samu daga karatu.

Na farko a zuciyata har gobe shi ne Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Wanda duk ya karanta shi ba zai manta da wasan ɓuyan da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Masu nazari sun daɗe da nuna cewa tsarin wannan tafiya ta mayaudara biyu yana da alaƙa da Maƙamatul Hariri, littafin da almajiran ilimi a ƙasar Hausa ke karantawa a zaure. Haka kuma Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin kundi uku a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila wa Laila, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da hikayoyin Indiya na aku mai ba da labari. Amma wa ya taɓa karanta Magana Jari Ce ya ji ƙamshin baƙunta? Imam ya sa wa labaran riga da hula, ya zaunar da su a fadar sarki da bakin kasuwa, har suka zama namu. Da bai karanta na wasu ba, da ba mu sami nasa ba.

Na biyu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan wannan gasa shi ma. Ƙaramin littafi ne, ana iya gama shi a zama ɗaya, amma ban taɓa kai ƙarshensa idona bai ciko ba. Uwar da ta bar gida ta ƙetara Sahara tana neman ɗanta da aka sace, ta faɗa bauta ita ma, ba ta gan shi ba sai da ajali ya matso. Abin koyo a nan shi ne kamewa. Marubucin bai yi ta kururuwa don mu ji tausayi ba. Ya faɗi abin da ya faru cikin natsuwa irin ta malami, ya bar mai karatu da zuciyarsa. Matasanmu da ke cika shafi biyar da kukan amarya suna da darasi a wurinsa.

Mutane da yawa sun karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a makaranta ba tare da sanin cewa asalin jarumin daga almarar Rasha yake ba, wato Iliya Muromets, gurgun da ya miƙe ya zama barden sarki. Wannan ma shaida ce cewa magabatanmu ba su ɗauki karatun adabin wasu al'ummu a matsayin kaskanci ba.

A ɓangaren mata kuwa, So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980 bayan wata gasa, shi ya buɗe ƙofar da dubban mata suka bi daga baya. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya nuna yadda mace ke miƙewa da 'ya'yanta bayan miji ya watsar da su. An fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Ashe yadda muke ɗebowa daga wasu, haka wasu ke ɗebowa daga gare mu idan abin namu ya nuna.

Daga waje, littattafai biyu suka fi canza mini tunani. Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, ya koya mini yadda karin magana ke aiki a cikin labari: a bakin dattijo take fitowa lokacin da ake buƙatarta, ba a jera ta kamar kayan kanti ba. Shi kuwa Mausimul Hijra ilash Shamal na Ɗayyib Salih ɗan Sudan, na 1966, ya nuna mini cewa labarin ƙauye ɗaya a bakin kogin Nilu yana iya ɗaukar tambayar da ta shafi mulkin mallaka gaba ɗaya.

To, me karatu mai faɗi ke yi wa marubuci? Da farko yana cika masa rumbun kalmomi. Wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara zai san sunayen kayan yaƙi da na doki da kirarin mazaje, waɗanda ba zai tsince su a hirar waya ba. Na biyu, yana nuna masa hanyoyin gina labari: ana iya farawa daga ƙarshe, ana iya saka labari cikin labari kamar yadda aku ke yi, ana iya barin tauraro ya ba da labarinsa da kansa. Na uku, yana sanar da shi abin da aka riga aka yi, don kada ya ɓata shekara yana haƙa rijiyar da wasu suka gama haƙawa. Na huɗu, yana gyara masa kunne. Wanda ya saba da kyakkyawar jimla zai ji gurguwa tun kafin edita ya nuna masa. Hatta littafi mara kyau yana da amfani, domin gano dalilin da ya sa ya gundure ka rabin ilimi ne.

Amma akwai iyaka, kuma dole a faɗe ta. Koyi daban, sata daban. Ɗaukar fim ɗin Indiya ko littafin wani a canza sunaye kawai a ce an ƙirƙira, wannan ba abin da Imam ya yi ba ne. Shi ya ci ya narkar, sannan ya fitar da abin da ya dace da mutanensa. Tsoron da matashin nan yake yi na gurɓatar salo yana kama wanda ya karanta marubuci ɗaya ne tak. Wanda ya karanta hamsin, muryarsa ce za ta fito daga tsakaninsu.

Na san littafi ya yi tsada, ɗakunan karatu da yawa kuma sun zama kufai. Duk da haka tsofaffin littattafan nan suna nan a kasuwa, ana kuma iya karɓa-karɓa tsakanin abokai. Ƙungiyoyin marubuta da ke taruwa duk wata za su iya ware zama guda don tattauna littafin da kowa ya karanta, ba sai na mambobinsu kaɗai ba.

Shi dai matashin nan na mayar masa da rubutunsa tare da aron littattafai uku, na ce mu haɗu bayan wata biyu. Rijiyar da ba a yasarta, komai daɗin ruwanta, wata rana laka za a riƙa ɗebowa. Allah Ya sa mu gyara.