Daga Kasuwar Shanu ta Iware Zuwa Teburin Mai Gyaran Waya

Garin Iware, da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a Jihar Taraba, ya yi suna ne da kasuwar shanu. Sai dai cinikin dabbobi a yau ya rataya a kan wayar salula. Da ita dillali ke jin farashin Kudu, da ita ake neman direban tirela, kuma tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 fatake da dama suka koma tura kuɗi ta waya. Ranar da waya ta mutu, ciniki ya tsaya.

A nan ne mai gyara ke shigowa, kuma masu gyaran hawa biyu ne. Akwai mai sauya gilashi ko batir, akwai kuma mai taɓa allon lantarkin da ke cikin wayar, wanda shi ne zuciyarta. Ƙura da zafi da ruwan damina da cajar da ba ta da inganci sukan lalata wata ƙwaya guda a jikin allon, mai girman ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Gwani zai auna da mita ya gano inda wuta ta yanke, ya duba da madubin ƙara girma, ya ɗaga ƙwayar da na'urar hura iska mai zafi, sannan ya dasa sabuwa.

Aikin ba ya son ganganci. Tsohuwar dalmar liƙi tana narkewa a maki 183 na ma'aunin Salshiyos, amma tun da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da gubar dalma a kayan lantarki a 2006, kamfanoni suka koma wani haɗin da sai ya kai kusan 217. Zafi ya yi yawa, allon ya ƙone. Ya yi kaɗan, liƙin ya saki. Idan allon ya ƙone, lambobin abokan ciniki da hotunan rasit na iya tafiya tare da shi.

Tun zuwan layukan GSM a 2001, akasarin masu wannan sana'a a wurin maigida suka koya, a kasuwanni irin su Farm Centre da ke Kano, ba a aji ba. Hannu ya iya, amma babu takarda. Saboda haka da wuya a ɗauke su aikin kula da na'urorin sadarwa na ma'aikatu, kuma mai waya ba shi da hanyar bambance gwani da ɗan koyo.

Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da tsarin tantance ƙwarewar da aka samu a wajen makaranta, ta kuma yi aiki da masu sana'a na kasuwar Panteka. Abin da ya rage ga masu tsara manufofi a Abuja shi ne su kai wannan tantancewa Jalingo da garuruwan kewayenta, domin mai gyaran da bafataken Iware ke danƙa wa wayarsa ya samu shaidar da ta dace da hannunsa.